Bara a Bakin 'Yan Siyasa da Alƙalamin 'Yan Jarida: Daga Titunan Amurka zuwa Karkarar Sae Sabuwa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda siyasa da aikin jarida ke juya ra'ayin jama'a game da bara. Ta fara da Amurka, inda aka fi zurfafa bincike a kan lamarin, sannan ta auna abin da aka gano can da halin da ake ciki a kudancin jihar Maradi, musamman ƙaramar hukumar Sae Sabuwa da maƙwabtanta na gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa. Hujjarta ita ce labarin bara kan fito ne a lokacin da ɗan siyasa ke buƙatarsa, kuma daga wurin da mai bara ya tsaya yana miƙa hannu. Garin da ya baro, da watan da rumbu ya ƙare, da mai ba shi sadakar, duk a waje ake barinsu.

Gabatarwa



A watan Maris na 2022 gidan talabijin na TFM da ke Dakar ya nuna mata da ƙananan yara 'yan Nijar suna kwana a gefen titi, gari na wayewa su bazu bara a mahaɗar hanyoyi. Kafin watan ya ƙare gwamnatin Mohamed Bazoum ta tura jirage biyu, aka kwaso sama da mutum 1,000 zuwa Yamai, akasarinsu 'yan Kance da Magarya. A watan Afrilu gwamnan Yamai, Oudou Ambouka, ya sanar da cewa daga 1 ga Mayu an haramta bara a babban birnin. Abin lura shi ne haramcin ba sabo ba ne. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa na 1961 ne, ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa shida ga wanda aka kama yana bara, a sashe na 179. Sashe na 180 ya ɗauke wa tsofaffi da naƙasassu, na 181 kuma ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara guda ga iyaye ko duk mai cin moriyar barar yaro.

Me ya tayar da dokar da ta shekara 60 tana barci? Mabaratan Yamai ba su ƙaru a cikin wannan wata ba. Abin da ya sauya shi ne kyamarar wata ƙasa ta gan mu, aka ji kunya. Daga nan tambayar wannan takarda ta taso: wa ke zaɓen ranar da bara zai zama labari, kuma wane irin labari ake ba jama'a?

Abin da aka riga aka gwada a Amurka

Na ɗauko Amurka ne saboda can an auna abin da mu a nan muke ji a jikinmu kawai. A yaƙin neman takara na 1976, Ronald Reagan ya yi ta maimaita labarin wata mata a Chicago da ke karɓar tallafin gwamnati da sunaye barkatai. Matar gaskiya ce, damfararta ma gaskiya ce, jaridar Chicago Tribune ce ta fara tona ta a 1974. Amma da ta shiga bakin ɗan takara sai ta zama hoton duk wani talaka mai karɓar tallafi. Shekara 20 bayan haka, a 1996, Bill Clinton na jam'iyyar adawa da ta Reagan ya sa hannu a dokar da ta taƙaita wannan tallafi, abin da ke nuna cewa hoton ya riga ya zauna a zukata, ya wuce jam'iyya.

A 1982 James Q. Wilson da George Kelling suka wallafa maƙalarsu kan fasassun tagogi a mujallar The Atlantic. Ra'ayinsu shi ne ƙananan alamun rashin tsari, irin su mashayi a bakin titi da mai bara mai naci, su ke share wa manyan laifuka hanya. Rudolph Giuliani ya hau wannan ra'ayi a zaɓen magajin garin New York na 1993, ya sa masu goge gilashin mota a wurin tsayawar danja a gaba, su da ke gogewa ba a sa su ba sannan su nemi a ba su wani abu. Da aka zo ƙidaya su, ba su kai mutum 100 ba a birnin da ke da mutum fiye da miliyan bakwai. Duk da haka sun ishi yaƙin zaɓe.

Masana biyu ne suka bayyana yadda wannan ke aiki a ƙwaƙwalwar mai kallo. Shanto Iyengar, a littafinsa na 1991, ya gwada nuna wa mutane rahoton talabijin iri biyu a kan talauci. Waɗanda aka nuna wa labarin mutum guda, da fuskarsa da halinsa, sun fi ɗora laifi a kan talakan kansa. Waɗanda aka nuna wa rahoton da ya yi bayanin rashin aikin yi da manufofin hukuma sun fi ɗora alhaki a kan gwamnati da al'umma. Ya kuma nuna cewa talabijin ta fi yawaita irin na farko. Martin Gilens kuwa ya bi hotunan da manyan mujallun labarai uku suka buga tare da labaran talauci tsakanin 1988 da 1992, ya tarar kashi 62 cikin 100 na talakawan da ke hotunan baƙaƙen fata ne, alhali a zahiri kashi 29 ne na talakawan ƙasar. Editan da ya zaɓi hoto bai yi ƙarya ko ɗaya ba, amma mai karatu ya tashi da ƙarya a ransa.

Ta fuskar shari'a Amurka ta bi wata hanya da za ta ba Bahaushe mamaki. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a New York ta ce roƙon taimako a titi magana ce, kuma tsarin mulki ya kare 'yancin magana. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 kan allunan talla na garin Gilbert a jihar Arizona, kotuna suka yi ta soke dokokin hana bara na birane. Da aka toshe wannan ƙofa sai hukumomi suka koma hana kwana a waje. Ranar 28 ga Yuni 2024 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta amince wa garin Grants Pass na jihar Oregon ya ci tarar masu kwana a fili, tarar da ke farawa daga dalar Amurka 295. Ƙidayar hukuma ta watan Janairun 2024 ta nuna mutum 771,480 ba su da matsuguni. Wata guda bayan hukuncin, gwamnan California, Gavin Newsom, ya ba da umarnin kwashe tantunan marasa gida, a Yulin 2025 kuma Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ke ƙarfafa wa birane yin hakan. Ɗaya ɗan Democrat, ɗaya ɗan Republican, amma a wannan batu bakinsu ya zo ɗaya, domin dukansu sun san abin da mai jefa ƙuri'a ke gani a allon talabijin.

Inda tafiyar ke farawa

Sae Sabuwa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Gidan Rumji, arewa maso gabas da birnin Maradi, tare da Tsibiri, Cadakori da Gidan Sori a gunduma ɗaya. Daga nan zuwa Cadawa, Agye da Gazawa ƙasa ce ta hatsi da dawa da wake da gyaɗa, ga kuma aya da ta yi wa yankin suna a kasuwa. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a. Binciken lafiya da yawan al'umma na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a jihar Maradi ya kai 8.4, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ke yanka ta, saurar da ake bari ta huta kuwa ta zama tarihi a yawancin ƙauyuka.

Wanda ya shiga ƙauyukan nan da kaka zai ga ana jera damman hatsi a rumbu, gida na ƙamshin sabon tuwo. A gidaje da dama, maigida kan rufe rumbun gandu, ba za a sake buɗe shi ba sai damina ta faɗi, lokacin da ake buƙatar ƙarfin riƙe hauya. Shi ya kama hanyar biɗa, Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya. Watannin da ke tsakani, uwargida ce za ta ci da kanta da yaranta daga abin da ta samu a gamanarta, wato 'yar gonarta ta kanta, da ɗan awakinta, da sana'ar hannu. In hatsin gamana ya ƙare sai a koma tafasa da zogale, a yi daka a gidan masu hali a biya ta da dusa da ɗan abin da bai cika tiya ba. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna tun 2006 cewa a kudancin Nijar, har da ƙauyukan Maradi, idan gona ta yi ƙaranci mace ce ake fara karɓe wa gamana, wani lokaci a lulluɓe abin da sunan kulle. To macen da aka bar wa ciyar da yara, aka kuma karɓe mata gonar ciyar da su, ina za ta nufa? Idan maƙwabciyarta ta dawo daga Tamanrasat ta Aljeriya da kuɗin da ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

A kan wannan aka ƙara wani nauyi. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Dan Daji Makau da Cadakori. Yare ɗaya, dangi ɗaya, sai dai rijiya ɗaya ce kuma gonar ba ta ƙaru ba.

Yaron da ake ba malam ya tafi da shi birni bayan girbi yana cikin wannan lissafi. Uban yana neman wa ɗansa karatu da tarbiyya, wannan gaskiya ne, kuma yana rage baki ɗaya a kan tukunya, wannan ma gaskiya ne. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano ta wallafa littafinta a 2018, ta nuna cewa iyayen ba jahilai ba ne da ba su san abin da suke yi ba, zaɓi suke yi a cikin zaɓuɓɓuka marasa daɗi, musamman inda makarantar boko ba ta kai yaron talaka ko'ina.

Sau uku da aka waiwaye mu

A 2005 kudancin Maradi ya shiga labaran duniya. Fara da ƙarancin ruwa sun taɓa amfanin 2004, farashin buhun hatsi ya haura jika 25, kasuwanni cike da abinci amma talaka ba shi da abin saye. An yi watanni ana kira ba a amsa ba, sai da BBC ta nuna yara masu tamowa a cibiyar ƙungiyar likitoci ta MSF a Maradi cikin watan Yuli, sannan taimako ya fara kwarara. A watan Agusta shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a wannan shekara, a 2008 kuma gwamnati ta dakatar da reshenta na Faransa a Maradi. Gardamar da aka yi a lokacin ta fi karkata ga mutuncin ƙasa fiye da dalilin da ya sa yankin da ake kira rumbun Nijar ya fi kowane yanki yawan yara masu tamowa.

Karo na biyu, a ƙarshen Oktoba 2013, aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza bakwai. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ayyana makokin kwana uku. Daga Disamba 2014 aka fara jigilar maido da 'yan Nijar daga Aljeriya bisa fahimtar juna tsakanin ƙasashen biyu, a Mayu 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke a Nuwamba 2023.

Na uku shi ne na Dakar. A nan ministan cikin gida na lokacin, Hamadou Adamou Souley, ya ce ba talauci ne tushen abin ba, gungun masu safarar mutane ne. Ban musanta akwai dillalai ba. Akwai masu shirya tafiya, akwai masu karɓar aron yara daga iyayensu bisa alkawarin kaso, kuma sashe na 181 domin irinsu aka yi shi. Amma dillali ba ya cin kasuwa inda babu mai buƙatarsa. Amfanin wannan bayani ga hukuma a fili yake: in laifin na miyagu ne, maganinsa jandarma da jirgin sama, ana gamawa cikin mako guda a gaban kyamara. In kuwa na gona ne da farashin hatsi da makaranta, to tambaya ta dawo kan teburin gwamnati. Yawancin rahotannin da suka biyo baya sun tsaya a filin jirgin Yamai, aka nuna mata na saukowa da ƙullin kaya a ka, aka ɗauki jawabin minista. Wannan shi ne rahoto iri na farko da Iyengar ya bayyana, kuma sakamakonsa shi ne wanda ya hango: a zaurukan WhatsApp da shirye-shiryen kiran waya, kalmomin da suka fi yawo su ne mutuwar zuciya, kwaɗayi da zubar wa ƙasa mutunci.

Tsallaken iyaka ma, a Najeriya, haka zancen yake. Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, a Afrilu 2012. Kano ta yi dokar hana bara a 2013 zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, Abdullahi Ganduje ya sake sanar da haramci a Fabrairu 2020, lokacin korona gwamnonin Arewa suka yi ta mayar wa juna almajirai a manyan motoci, a Oktoba 2024 Nyesom Wike ya ba mabaratan Abuja wa'adi. Kowace sanarwa ta samu babban kanu. Da wuya ka ga jaridar da ta koma bayan shekara ta tambayi ina aka kwana.

Wanda ba a sa shi a labari

A nan ne misalin Amurka ya gaza mana. Ba'amurken da ke ƙorafi a kan mai bara yana iya shekara bai ba shi ko sisi ba, kuma ba ya jin ya rasa komai. Mu kuwa muna buƙatar mai karɓa. Matar da ɗanta ke kwance ba lafiya, malam ya ce ta yi sadakar waina, yara za ta nema ta raba wa. Ɗan kasuwar da zai yi lodi zuwa Kwatano yana fitar da sadaka kafin mota ta tashi. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci, mutumin da ya gama sukar mabarata a majalisa shi ne zai tsaya neman canji domin ya bi layi yana rabawa. Da magariba almajiri ya tsaya a zaure yana neman ko ɗan ƙanzo, uwargida ta juye masa ragowar tuwo a roba, gobe ta aike shi ɗebo ruwa da zubar da shara, a kan ladan da ba za ta iya ɗaukar ɗan aiki da shi ba. Ɗan takara ma, idan zaɓe ya matso, tsangaya yake aika wa buhun shinkafa a yi masa sauka. Wannan duk ciniki ne mai ɓangare biyu, amma mai miƙa hannu kaɗai ake ɗauka hoto.

Malamai na kowane ɓangare suna da hujjarsu, masu tunatar da cewa an hana kyarar mai roƙo, da masu tunatar da cewa an fifita mai neman na kansa ko da saran itace ne. Jama'a na riƙe da duka biyun a lokaci guda, shi ya sa duk wanda ya ce ya auna ra'ayinsu da tambayar “kana goyon bayan hana bara?” zai samu “e” mai yawa wadda ba ta hana kowa bayarwa washegari. Mutumin karkara kuma yana bambancewa tsakanin makaho da kuturu, waɗanda a birane irin su Kano har sarakunansu gare su, da almajiri mai allo, da maroƙi mai kirari, da matar da bazara ta koro. Hukuncinsa a kan kowannensu daban ne. Sanarwar gwamna da kanun jarida ne ke zuba su a buhu ɗaya.

Halin da ɗan jaridar yake ciki

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan wakilin da ke Maradi. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Sarauniya, da ƙananan rediyon karkara, suna aiki ne da ɗan abin da talla da sanarwar biki suka kawo. Wanda ya kira taron manema labarai shi ke ba da kuɗin mai, saboda haka labari na bin mai taro. Matar da ke shirin rufe ɗakinta ta bi ayarin Agadas ba ta kiran taro. Kafofin waje da ke da ƙarfin tura wakili ƙauye su ma sun ragu: an dakatar da RFI da France 24 a Agusta 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024, sashen Hausa na Muryar Amurka da ya fara aiki a 1979 ya yi shiru bayan umarnin Trump na Maris 2025, a shekarar da aka rushe hukumar USAID mai tallafa wa shirye-shiryen abinci da lafiya a Sahel. Siyasar Washington ta iso Gidan Rumji ta wannan hanya, ba tare da wani ɗan takara a can ya taɓa jin sunan garin ba.

Duk da haka rahoton da nake nufi bai fi ƙarfin ƙaramin gidan rediyo ba. Sae Sabuwa tafiyar babur ce daga Maradi. Maigari ya san gidajen da aka rufe da waɗanda suka tafi, mai awo a kasuwa ya san nawa tiya take a Nuwamba da nawa take a Yuli, malamar asibiti na da rajistar yaran da aka auna wa damtse, malamin tsangaya ya san ƙauyen da kowane yaro ya fito da abin da ubansa ya aiko tun da ya kawo shi. A Dan Saga ta gundumar Agye manoma sun dawo da itatuwa gonakinsu ta hanyar renon tsiron kututture, ya kamata a je a tambaya ko hakan ya rage masu fita. Ga masu bincike a jami'o'inmu kuma, gwajin Iyengar ana iya maimaita shi da Hausa: a shirya rahoton rediyo iri biyu a kan mace ɗaya, ɗaya ya fara daga titin Dakar, ɗaya ya fara daga ranar da aka rufe rumbu, a saurarar da su ga mutanen Maradi da na ƙauyukan Gazawa, a ji wa kowane rukuni zai ɗora wa alhaki. Lokacin da ya dace da wannan aiki shi ne tsakanin Yuni da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba.